Katina Da Hoton Sumaiya

Salamu alaikum, masu bin labarina. Ku gyara zama, don yau ba da dariya na zo ba. Wadda za ta ce ban da godiyar Allah ta ɗan jira in kai ƙarshe, sannan ta zage ni son ranta. Wanda ya shigo yau kuma, sunana Rauda Musa, 'yar Kaikai ta ƙasar Kusada. Shekarata ashirin da biyu, kuma lissafi ya kayar da ni sau biyu a jarrabawar gama sakandare. Na faɗa da bakina, ba na jin kunya.

Duk sauran darussan na ci su. Lissafi kaɗai ya tsaya mani a maƙogwaro, kuma in babu shi makarantar koyon aikin lafiya ta Kankia ba za ta ko kalli takarduna ba. Ni kuwa tun ina aji uku, duk sanda motar kasuwa ta wuce da mu ta ƙofarta na hango 'yan mata cikin fararen kaya, sai in ji kamar in diro in bi su.

Da Sharafaddeen ya fara zuwa wurina, ni da kaina na roƙi Baba alfarma guda: kar a sa mana rana sai na samu shiga makarantar nan. Baba ya yarda, ya faɗa wa manyanshi a zaure. Lokacin kowa ya ɗauka maganar wata shida ce. Yau shekara biyu ke nan.

Ba zan zalunce shi ba. Sharafaddeen mutum ne mai tsafta da fara'a, yana da shagon sola da batura a bakin titin Kankia, kuma bai taɓa ɗaga mani murya ba. Kowace Juma'a bayan la'asar yana kan babur ɗinshi zuwa Kaikai, ko da hanya ta yi laka har gwiwa. Ina son shi. Ku riƙe wannan da kyau, don abin da zai biyo baya zai sa wasu su ce ƙarya nike.

Farkon damina ya ce in ba shi tsohon sakamakona da hotona, zai yi mani rajistar jarrabawar 'yan waje da ake yi ƙarshen shekara.

"Ba sai na je na dangwala yatsa ba?" na tambaye shi.

"An sauƙaƙa yanzu. Ke dai ki yi ta karatunki."

Ni kuwa sakarya na washe baki har da godiya.

Saboda karatun na koma Kankia wurin Goggo Halima, ƙanwar Baba, tela ce. Ɗakinta ciki da rumfa ne, keken ɗinkinta na bakin taga, ƙyallaye ko'ina har cikin kwandon albasa. Goggo ba ta taɓa shiga aji ba, allo kawai ta yi, amma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Wata rana ina zaune ƙasa kusa da keken, ina ta hawaye a kan littafi. Tambayar ma ba wata babba ba ce, uku bisa huɗu ne a haɗa da biyar bisa takwas. Shekara shida ana rubuta mani irinta a allo, in haddace ƙa'idar, in manta kafin in isa gida.

"Ke, mi aka yi maki kike jiƙa mani atamfar mutane?"

Na karanta mata. Ta yi tsaki, ta zare tef ɗin awo daga wuyanta ta jefo mani.

"Duba inci guda. Layi nawa ke ciki?"

"Takwas."

"To kwata ukun nan taki layi nawa ce?"

Na bi da farce. "Shida."

"Ƙara biyar."

"Sha ɗaya."

"Inci guda da layi uku. Shi ne kike wa kuka kamar an yi mutuwa? Tashi ki miƙo mani alli."

Wallahi jama'a, na fi minti biyar ina kallon tef ɗin nan. Ashe abin da ya hana ni barci shekara da shekaru yana rataye a wuyan Goggo kullum. Daga ranar ta mayar da ni 'yar yanka. A takardar buhun siminti nike gwadawa, in na kuskure awo ta ɗaga takardar sama ta ce, "Wannan rigar akuya za ta sa ko mutum?" Ranar da ta koya mani yankan siket mai zagaye na gane yadda ake auna da'ira. Sauran, irin su nemo harafin da ya ɓata a lissafi, daga littafi da bidiyon waya na koye su, amma tsoron Goggo ce ta cire mani shi. Kafin a fara yankan gero ina ɗaukar tsohuwar takardar jarrabawa, in sa agogo, in ci talatin da takwas cikin hamsin. Ban taɓa jin daɗin kaina irin na lokacin ba.

Saura kwana shida jarrabawa na koma Kaikai. Juma'a ce. Na sa atamfa kore da ruwan ƙwai wadda ni na yanka ta da hannuna, mayafi ruwan toka, ga jan lalle a yatsu. Inna, mahaifiyata, ta dama fura da nonon da aka kawo da safe, tsakar gida cike da damman gero ana jiran a zuba rumbu. Da Sharafaddeen ya iso cikin farar shadda, sai ya aiko wai yana son gaida Inna tukuna. Aka shimfiɗa mashi darduma a gindin bedi. Bayan gaisuwa ya zaro ambulan daga aljihu, yana murmushi, ya ajiye a gabana.

"Rauda, wahala ta ƙare."

Na buɗe. Katin shiga jarrabawa ne. Ga sunana ɓaro-ɓaro, Rauda Musa Kaikai, ga ranar haihuwata, ga lambata. Sai hoton. Hijabi baƙi, doguwar fuska, ɗan tabo a gefen hanci. Sumaiya ce, ƙanwarshi, wadda ke aji biyu a jami'a.

"Malam, an yi kuskure. Hoton Sumaiya suka sa."

Ya yi 'yar dariya. "Ba kuskure ba ne. Ita ta dangwala yatsa, ita za ta shiga. Sumaiya ko cikin barci aka tashe ta sai ta ci lissafi. Makarantar da za a rubuta jarrabawar ta wani abokina ce, an gama magana da kowa. Ke ki yi zamanki a gida, sakamako ya fito da sunanki."

Kafin in haɗiye yawu Inna ta rangaɗa guɗa, har kaji suka watse.

"Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan! Allah Ya saka! Ke Rauda, ba ki iya godiya ba?"

Na ɗago na kalle shi.

"Wata biyar," na ce. "Wata biyar ina tura maka hoton lissafin da nike gwadawa, kana rubuto mani ma sha Allah. Ashe duk lokacin ka san ba ni zan zauna ba?"

"Don kar hankalinki ya tashi ne."

"To ga shi ya kwanta."

"Rauda!" Inna ta watsa mani harara.

Shi kuwa ya sassauta murya, irin wadda yake yi in yana son in yi dariya. "Ranki ya daɗe, sau biyu fa. In aka yi na uku fa? Wata shekarar kuma? Ni ma mutum ne. Kuma bari in faɗa maki gaskiya, ni ma haka aka yi mani tawa. Ga ni ina cin abincina, wa ya taɓa tare ni? Takarda ake tambaya, ba wanda zai buɗe kanki ya leƙa."

"Batir kake sayarwa, Malam. Ni jariri za a miƙo mani, a ce in auna mashi magani daidai nauyinshi. A ranar, Sumaiya zan kira a waya?"

Inna ta saki salati tana tafa hannu, wai na zagi miji tun ba a ɗaura ba. Na mayar da katin cikin ambulan na tura mashi. Ya tashi bai sha furar ba.

Ba ku ga abin da na gani a gidan nan kwana uku ba. Inna ta daina amsa gaisuwata. In na shigo madafa ta fita. Tana tankaɗe tana magana da kanta yadda zan ji: "'Ya'yan wasu ana yi masu gata su karɓa hannu biyu, tawa ta fi kowa tsoron Allah. Duk 'yan Kusada da ke sa farin kaya da kansu suka ci?" Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya kira ni zaure bayan azahar, ya daɗe yana jan carbi.

"Rauda, bakina ya gaji da ba mutanen nan haƙuri. In na haɗu da baffanshi a kasuwa sai in canza hanya. Ba na ce ki yi abin da ba daidai ba. Amma ki sani, in wannan ya wuce, ban san mi zan sake ce masu ba."

Na yi kuka a nan, ba zan ɓoye ba. Tausayin Baba ya kama ni ƙwarai. Amma ko cikin kukan ban ji zan yarda ba.

Waya kuwa ba ta huta ba. Ga kaɗan daga saƙonninshi:

"Gimbiya, fushi ya isa haka."

"An rufe rajista tun watan jiya. Ko kin ƙi, ba ki da wata jarrabawa bana."

"Hajiyarmu ta ce in ba a sa rana kafin azumi ba, in nemi wata. Ni ke nike so."

Na rubuta mashi: "In ni kake so, ka hana Sumaiya shiga. Zan jira baɗi, in dangwala nawa yatsan."

Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba. Sai ranar Laraba da hantsi saƙo ya shigo daga Sumaiya.

"Anti Rauda, don Allah ki yafe mani. Yaya ya ce ko kin yarda ko ba ki yarda ba gobe zan shiga, wai in sakamako ya fito za ki huce. Wallahi tsoro nike ji. Ƙarfe tara ne."

Ta turo sunan makarantar. Ba zan faɗe shi a nan ba, wata makarantar kuɗi ce a wani gari gaba da mu.

Kun ji fa? Wato ko na ce a'a, za a ci jarrabawa da sunana. Za a kawo mani takarda in rataya, in shiga aji da ita, in yi aiki da ita, har in mutu ban san ko ni Rauda zan iya ba. Na ce wa Inna zan je Kankia karɓo ɗinki. Ba ta ko ɗago kai ba.

Na tarar da Goggo tana kafa hannun riga, allura a baki. Na zayyana mata komai. Ta cire allurar.

"Tabɗijam! Yaron nan mai kunya? To ke mi kike so ki yi?"

"Zan je gobe in faɗa masu."

"Kin san mi zai biyo baya? Za su soke sunanki, wataƙila su hana ki sake zama shekara biyu ko uku. Auren nan kuma ki ɗauka ya tafi. Uwarki ba za ta yi maki magana ba har a ci sabuwar dawa ta baɗi."

"Na sani."

"Kuma kina son shi."

"Ina son shi, Goggo."

Na ɗauka za ta ce in haƙura kamar kowa. Sai ta taka keken ta ci gaba da ɗinki.

"In za ki je, kar ki je a yamutse kamar mai roƙo. Ɗauko doguwar rigar nan shuɗiya ki goge. Kuma ki ci abinci da safe, ban son a ce ɗiyar yayana ta faɗi a gaban mutane."

Washegari ƙarfe takwas da rabi na sauka daga mota a ƙofar makarantar. Gini ne mai ajujuwa shida, fentin rawaya duk ya kwaile. Mutane sun fi ɗari, samari da 'yan mata har da masu furfura, kowa da biro da kati. Ban sha wahalar gano Sumaiya ba. Tana rakuɓe a bayan tankin ruwa, ta sa niƙabi, ita da ba ta taɓa sa shi ba, sai jujjuya katin take.

"Sumaiya."

Ta zabura kamar an watsa mata ruwan sanyi. "Anti! Innalillahi, mi kika zo yi?"

"Ba ni katina."

"Yaya zai kashe ni. Ya je sayo mani ruwa, yanzu zai dawo."

"In aka kama ki a kan kujerar can fa? Jami'arki za ta bar ki? Shi zai zauna maki a ofishin 'yan sanda?"

Idanunta suka cika. "Hotona ne a kai, Anti."

"Na sani. Sunanki ba zai fito daga bakina ba, na yi maki alkawari. Ba ni, ki fita ta ƙaramar ƙofa, ki hau mota ki tafi gida."

Ban fizge ba, Allah Ya gani. Hannu kawai na miƙa. Ta kalli ƙofar shigowa, ta kalle ni, sannan ta sakar mani katin ta juya da sauri, har takalminta ɗaya ya kusa fita.

Aka buga ƙararrawa. Na shiga layi. Ta tagar aji na hango wani malami yana goge allo, ga wata takarda a naɗe ta leƙo daga aljihunshi, yaran da ke gabana suna nuna ta suna ƙus-ƙus da dariya. A bakin ƙofa an ajiye tebur. Wata mata ce zaune, babba, da tabarau da mayafi ruwan goro, katin hukumar jarrabawa rataye a wuyanta. Ita aka turo sa ido. Na'urar duba yatsa tana gefe a kashe, wani ma'aikacin makarantar yana ta bayani wai babu caji. Matar ta gaji da jin shi, kati kawai take karɓa, ta yi alama a takarda, ta ce a wuce.

Layi ya zo kaina. Ta karɓa, ta nemo lambata, ta ja layi.

"Rauda Musa. Wuce."

Ku tsaya ku ji abin da zuciyata ta ce mani a wannan daƙiƙar, don na yi alkawarin ba zan yi maku ƙarya ba. Ta ce, ke Rauda, ga ƙofa a buɗe. Shiga ki rubuta da hannunki, kar ki kalli allo in an rubuta amsa a kai, shi ke nan kowa ya huta. Inna ta yi dariya, Baba ya daina canza hanya, a sa rana. Wallahi har na ɗaga ƙafa. Sai na tuna ko na ci ɗari bisa ɗari, takardar da fuskar Sumaiya za ta fito, daga makarantar da kowa ya san yadda ake ci a cikinta. Shi kanshi Sharafaddeen zai ce allo na kwafa, kuma ba ni da bakin musu.

Na mayar da ƙafata.

"Malama, na ce ki wuce, kina tare layi."

"Hajiya, ba ki duba hoton ba."

Ta ɗago. Ma'aikacin nan ya yi wuf ya matso. "Ai hoto ne ya yi duhu, ranki ya daɗe, injin ɗinmu ne. Ke wuce mana!"

"Bai yi duhu ba," na ce, kuma na ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Ki duba da kyau."

Ta gyara tabarau. Ta kalli katin, ta kalle ni, ta sake kallon katin.

"Wannan ba ke ba ce."

"Na sani, Hajiya. Abin da na zo in faɗa ke nan. Sunan nawa ne, kuma ban ba kowa aro ba."

"Kin san abin da wannan zai ja maki?"

"Na sani. Ko shekara nawa kuka ce in jira, zan jira, in zo in zauna da kaina."

Sannan ta ɗaga wa ma'aikacin hannu ya yi shiru, ta jawo wata farar takarda daga jakarta, ta cire murfin biro.

"To. Wa ya yi maki rajistar?"

A daidai nan na ji an kira sunana daga baya, a hankali, da muryar da na fi sani a duniya. Na waiga. Sharafaddeen ne tsaye a ƙarshen layi, robar ruwa a hannunshi, fuskarshi ta yi fari fat, yana girgiza mani kai.

"Malama, ke nike jira," in ji matar, biron na kan takarda. "Sunanshi."